Ni nawa zakunan da bahon roba aka musanya su

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, sau uku na karanta tambayarka kafin na iya rubuta maka amsa, domin ka fama mini wani tsohon ciwo da na ɗauka ya warke. Ka ce shekarunka 44, kana da zakunan Voltron guda biyar, kayan wasan nan na wani shirin zane na talabijin inda zakuna biyar suke haɗewa su zama ƙaton mutum-mutumi ɗaya, a cikin kwali tun kana firamare, maiɗakinka ta matsa ka ba yara ko ka sayar, ƙannenka kuma suna yi maka shaguɓe cewa furfura ta fito amma wasa bai ƙare ba, har ka fara tambayar kanka ko yarinta ce ba ta sake ka ba. Ina roƙonka kada ka sayar, kada kuma ka bayar a cikin wannan yanayi na jin kunya da kake ciki. Ni na rasa nawa, kuma ba da yardata ba.

A Kaduna na tashi. A layinmu gida ɗaya ne yake da talabijin, na wani ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma marar kala ce. Da mun taso daga Islamiyya sai mu wanke ƙafafu a bakin famfo, mu jeru a kan tabarma muna jiran NTA, muna addu'ar kada a ɗauke wuta daidai lokacin da zakunan za su haɗe. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma mun daɗe muna kallon shirin nan ba mu taɓa ganin launin zaki ko ɗaya ba. Duk toka-toka suke a idonmu, sai wanda ya fi duhu muka yarda shi ne baƙi. Sauran huɗun kuwa gardama muke yi a kansu har da dambe. Turancin ma ba ji muke ba, Yayana ne yake fassara mana, kuma sai da na girma na gane rabin abin da yake gaya mana daga kansa yake ƙirƙirowa. Shi ya koya mana gina zaki da laka mu shanya a kan katanga, bayan mun gaji da motar kara da ta gwangwani.

A 1989 Yaya ya fara bin wani ɗan kasuwa zuwa Legas. A wata dawowa ya shigo da wani ƙunshi a naɗe cikin tsohuwar jarida, ya ce in rufe ido. Zakuna huɗu ne na gwanjo, masu nauyi da sanyin ƙarfe a hannu: baƙi, ja, kore da mai ruwan ɗorawa. Ranar ce gardamar launi ta mutu a layinmu, yara suka cika zauren gidanmu har Baba ya fito da bulala. Shuɗin zaki ne babu, mai kayan ya ce bai zo a cikin dilar ba. Ka san shi ne ƙafar dama, saboda haka idan muka haɗa jan a hannun dama, koren a hagu, mai ruwan ɗorawa a ƙafar hagu, sai mu tokare ɗaya gefen da gwangwanin madara domin ya tsaya. Yaya ya yi alkawari duk ranar da ya ci karo da shuɗin zai kawo mini, kuma kowace tafiya sai na raka shi bakin titi ina tuna masa.

A 1991 motarsu ta yi haɗari a hanyar dawowa. Kwana biyu ana ce mana yana asibiti, ashe tun ranar mutanen zango suka yi masa sutura suka binne shi a can, ana dai neman yadda za a gaya wa Inna ne. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na mayar da zakunan cikin jaridar da ya kawo su, na sa a ƙasan akwatin ƙarfensa tare da hularsa da allonsa, ban ƙara wasa da su ba. Sai dai lokaci zuwa lokaci idan gida ya yi shiru nakan buɗe in duba.

Bayan shekaru da yawa na karanta cewa shirin da muke kallo, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1984, asalinsa na Japan ne mai suna GoLion, wanda kamfanin Toei ya yi a 1981, Amurkawa suka saya suka yanke wuraren jini da mutuwa suka sake masa magana. A wanda muka kalla, matuƙin shuɗin zaki na farko, Sven, an ce mayya Haggar ta ji masa rauni an kai shi wata duniya jinya, shi ya sa gimbiya Allura ta karɓi zakin. A na Japan ɗin kuwa mutuwa ya yi. Ranar da na karanta wannan ina ofis ne, sai da na tashi na fita waje na ɗan tsaya, domin irin maganar da aka yi mana ke nan a kan Yaya.

Yanzu ga abin da ya sa tambayarka ta hana ni barci. A 2003 na tafi bautar ƙasa, Inna kuma ta riga ta rasu, ɗakinta yana rufe da kayanmu a ciki. Matar Baba ta ce tana son ɗakin domin 'yarta da za a aurar ta ajiye kayan gara. Ba wanda ya aiko mini, alhali a lokacin wayar hannu ta shigo, maƙwabcinmu yana da ita kuma sun san lambar da ake samuna. Na dawo hutun Sallah na tarar an share ɗaki, akwatin Yaya yana bayan gida a buɗe, ruwan sama ya jiƙa jaridar ta zama dussa. Na tambaya, ta ce masu canjin roba ne suka zo wucewa, ta haɗa musu tsofaffin tukwane da fitilar ƙwai da ta lalace da waɗancan ƙarafan, suka ba ta baho ɗaya. Baho kore, har yau ina ganinsa a idona, a cikinsa ake wanke-wanke a tsakar gida har na gama hutun. Tana faɗa tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da ta ga raina ya ɓaci sai ta juya magana ta ce ai gumaka ne, suna hana mala'ikun rahama shiga gida, taimakona ta yi. To idan gumaka ne, me ya sa aka ci kuɗinsu? Kuma 'yan tsanan roba na jikokinta suna nan zube a kan gadonta, su ba su kori kowa ba. Ta san na Yaya ne. Tana gidan ranar da ya kawo su, tana gidan ranar da aka zo da labarin rasuwarsa, ita ce ma ta riƙe Inna da ta faɗi. Wannan sanin da ta yi shi ne abin da na kasa haɗiyewa, ba ƙarfen ba.

Na kai ƙara wurin Baba, ya dube ni ya ce, kai yanzu da digirinka a kan kayan wasa za ka tayar mini da gida? Na yi shiru, domin ba a ja da uba. Washegari na bi wuraren 'yan gwangwan uku ina kwatanta musu zakuna masu launi, yaran wurin suna yi mini dariya. Wani dattijo a cikinsu ya tausaya mini ya ce kayan makon da ya wuce an riga an loda su a mota. Na gaishe ta da safe kamar kullum har ranar da na koma, kuma har ta bar duniya ban ƙara tayar da zancen ba. Na yafe mata, Allah ya gani, ina kuma yi mata addu'a. Amma bahon nan ban taɓa sa hannu a cikinsa ba.

Saboda haka abu na farko, zauna da maiɗakinka ka ba ta labarin zakunan. A tambayarka ka ce mahaifinka ne ya kawo maka su, ka wuce wurin da sauri kamar ba komai ba ne, ni kuwa a nan na tsaya. Ina kyautata zaton ita kwali kawai take gani yana tare mata wuri yana tara ƙura, ba ta san wanda yake ciki ba. Mu maza muna da wannan hali, sai mu ɓoye dalili saboda kada a ga rauninmu, sannan mu ji haushi an kasa fahimtarmu. Ni sai da muka shekara shida da aure kafin na gaya wa uwar 'ya'yana abin da na rubuta maka yanzu, kuma ita ta fara yin hawaye. Da na yi wa matar Baba irin wannan bayani tun kafin in tafi, ko da na ɗauke akwatin na kai gidan Goggo, wataƙila da ba haka ba. Wannan laifina ne, kuma shi ma yana cina.

Ƙannenka kuwa ka bar su. Wanda yake maka dariya, ka bincika, za ka samu yana ajiye da rigar ƙwallo ta shekara ashirin ko kaset ɗin da ba shi da rediyon da zai saka shi. Iyayenmu mata suna jera kwalla da tasoshi a ɗaki shekara da shekaru ba a ci abinci a ciki ba, ba wanda ya ce musu yarinta ce.

Batun ba yara su yi wasa da su, a nan ina da tsoro na daban. A 1986 an janye wasu zakunan Voltron na ƙarfe daga kasuwa a Amurka, waɗanda aka ƙera a Taiwan, saboda an samu dalma da yawa a fentinsu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Ka juya kowane zaki ka duba inda aka buga sunan ƙasar da aka yi shi, kuma ko me ka gani, kada ka bar ƙaramin yaro mai kai abu baki ya riƙe su, musamman idan fentin ya fara ɓarewa. Ka saya musu na roba na zamani su farfasa son ransu. Wannan ma hujja ce da za ka ba maiɗakinka wadda ba za ta ƙi ba.

Ka fitar da su daga kwalin nan kafin damina, domin kwali yana shan danshi, ƙusoshin ciki su yi tsatsa. Kada ka ajiye su inda rana take bugu, tana cinye launi tana sa robar ta yi gautsi. Ƙurar hunturu kuma da busasshen ƙyalle mai laushi ake share ta, ban da ruwa, ban da kananzir. Idan gaɓa ta ƙage kada ka tilasta mata, haka na karya wa koren nawa ƙafa ina yaro na kwana ina kuka. Kada ka sake musu fenti ko da sun koɗe. Kuma don Allah ka gaya wa duk mutanen gidan da bakinka cewa kayan nan ba na bayarwa ba ne, har mai aiki da baƙin da suke kwana, kada ka yi tafiya ka bar abin a kan zato.

Wani zai kawo maka maganar addini kamar yadda aka kawo mini. Abin da na sani shi ne ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Malamai da yawa sun kafa hujja da wannan a kan kayan wasan yara. Hukuncin babba ya jera su a fili don ado kuwa magana ce ta malamai, ka samu wanda ka amince da iliminsa ka tambaye shi kai da kanka, kada ka bari mai son ɗakinka ko mai son yi maka dariya ya zama shi ne mai ba ka fatawa.

Kada kuma ka yaudari kanka cewa idan ka sayar za ka sayi wasu daga baya. Na gwada. Lokacin da Netflix ya fito da sabon shirin a 2016 na zauna da yarana muka kalla, su ya burge su, ni kuwa ina ta jiran muryar Yaya tana fassarawa. Da kamfanin kayan wasa na LEGO ya fitar da nasa Voltron ɗin a 2018, mai ƙananan guntaye 2,321 da ake harhaɗawa, na daɗe ina kallon hotonsa, na lissafa kuɗin da dala na ga ya shiga cefanen gida, na haƙura, kuma kai ma kada son abin nan ya kai ka taɓa haƙƙin iyali. Daga baya wani abokin aiki ya taho mini da baƙin zaki sabo daga tafiya. Yana da kyau, ya fi nawa na da kyau nesa ba kusa ba, amma babu ɓarewar fentin nan a kunnen hagu inda ya faɗo daga katanga ranar Sallah. Na yi godiya, na ba ɗana.

Idan ba damuwa, ina da roƙo ɗaya. Tunda naka biyar ne cif, ka ɗauki hoton shuɗin shi kaɗai ka sa mana a nan, ta gefe da kuma ta ƙasa inda yake lanƙwashewa ya zama ƙafa. Na gan shi a talabijin, na gan shi a intanet, amma irin na ƙarfen nan na zamaninmu ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.