Amsa ga ɗan'uwanmu da ke Malta

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Malta, ƙaramar ƙasar tsibiri a Turai, inda ya shekara uku yana aikin gini. Ya ce kullum yana jin 'yan ƙasar na ƙorafin baƙi sun yi yawa. Yana tambaya ko za a kore su, kuma ko lokaci ya yi da zai ɗauko iyalinsa daga Kano.

Ɗan'uwa, ƙorafin nasu yana da tushe. Malta duk faɗinta murabba'in kilomita 316 ne, amma ƙidayar 2021 ta samu mutum 519,562, kuma fiye da kashi 22 cikin ɗari baƙi ne. Duk Tarayyar Turai babu ƙasar da jama'a suka cunkushe kamarta. Sai dai haihuwa ta yi ƙasa ƙwarai a can, tsofaffi kuma sai ƙaruwa suke. Wa zai ɗora bulo, wa zai yi aikin otal, wa zai kula da tsofaffin? Shi ya sa ake ta ɗauko ma'aikata daga Indiya, Filifin da Nepal. Ƙasar na buƙatar hannunka, don haka ka kwantar da hankali.

Takardarka ce ta fi damuna. Izinin zama da aiki da hukumar Identità ke bayarwa a ɗaure yake da wanda ya ɗauke ka aiki. Ranar da ya sallame ka, wa'adi kaɗan ne gare ka na samun wani. Ka tabbata ya yi maka rajista a Jobsplus, hukumar gwamnati mai kula da samar da aikin yi. Takardar albashin kowane wata, ka adana ta a leda ɗaya da kwantiraginka, kada ka jefar ko guda. Kuma don Allah kada kuɗin hannu ya ja ka zuwa shataletalen Marsa, inda ake tsayuwa tun asuba ana jiran mota ta kwashi leburori zuwa aikin da ba shi da rajista. Shekara biyar na zama bisa ƙa'ida ke buɗe maka ƙofar neman izinin dogon zama, saura biyu kacal.

Batun iyali kuwa, za a duba albashinka da gidan da kake ciki. Haya ta yi tsada, kuma ɗakin da ake kwana mutum huɗu ba wurin kawo uwargida ba ne. Ranar Juma'a in ka je masallacin Paola, ka nemi waɗanda suka riga suka kawo iyalansu, ka ji nawa suke biyan haya kafin ka yi wa gida alƙawarin rana.