Ƙullin jini a gidan ƙwai: zai hana ni haihuwa?

Tambaya: Likita, shekarata 27, wata takwas da aure. Ciwon mara ya matsa min a ɓangaren dama, aka yi min hoton ciki aka ce akwai ƙulli mai jini a gidan ƙwaina, santimita 4. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Shin zan haihu kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Duk wata idan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan rufe. Wani lokaci wata 'yar jijiya ta tsage a ciki, jini ya taru, mai yiwuwa shi ne abin da aka gani. Wato ma alama ce jikinki na fitar da ƙwai. Irin wannan ƙulli yakan narke da kansa cikin mako 6 zuwa 8, kuma ba ya hana ɗaukar ciki.

Abin da nake so ki riƙe shi ne komawa a sake hoton bayan waɗannan makonni. Akwai wani ƙullin mai tsohon jini, na cutar endometiriyosis (wato nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajen mahaifa), wanda ke kama da wannan a hoto. Shi ba ya narkewa da kansa, kuma yakan kawo jinkirin haihuwa. Hoto na biyu ne zai taimaka a bambance su. Don Allah kada ki yi gaggawar neman tiyata, domin ita kanta tiyatar na iya rage ƙwayayen da kike da su.

Amma in ciwon ya tsananta farat ɗaya, da jiri, amai ko suma, ki tafi asibiti a take. Ƙullin na iya fashewa, ko gidan ƙwan ya murɗe.