Gadon gurgu a hannun yayansa: ya halatta ya kai ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Birni nake rubuto maka, nan Damagaram. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar innarmu da mu huɗu, maza uku da ni mace ɗaya, iyayensa kuwa sun riga shi. Ya bar gida da gona a hanyar Mirya. Ƙanenmu shan inna ya kama shi tun yana goye, a keken guragu yake yawo, amma yana gyaran salula kusa da kasuwar Dole, hankalinsa garau. Babban yayanmu ya riƙe rabonsa, wai gurgu ba ya noma kuma shi ke ciyar da shi. Da yaron ya ce zai je wajen ƙungiyar naƙasassu da jastis, sai aka ce zai yanke zumunci saboda dokar Nasara. Malam, mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya saka miki da kika tsaya wa ƙanenki.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. Idan magadan su ne waɗanda kika ambata, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, dukiyar kashi 8 za a yi ta. Innarku ta ɗauki kashi 1, wato tumuni, ke kashi 1, kowane namiji kashi 2. Ƙanenki ke nan yana da rubu'in gida da rubu'in gona, daidai da yayan nasa ba ragi ko ƙwayar gero. Aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta ce "'ya'yanku", ba ta ware mai ƙafa daga marar ƙafa ba. Malamanmu na Malikiyya sun ƙirga abubuwan da ke hana gado guda 7: jaririn da bai nuna alamar rai ba, shakkar wanda ya riga mutuwa, li'ani (rantsuwar da miji ke kore ɗa da ita), kafirci, bauta, zama ɗan zina da kisan ganganci. A duba a ga ko akwai gurguntaka, makanta, bebantaka ko kuturta a ciki. Babu.

Na san abin da yayanku zai ce: ai ban hana shi ba, ajiye masa nake. To, wa ya naɗa shi? Hana mutum sarrafa dukiyarsa, abin da fiƙihu ke kira hajru, yana da dalilai sanannu, irin su ƙuruciya, taɓin hankali da wautar ɓarnatar da dukiya. Duk a kan hankali da iya riƙo suke. Wanda ke buɗe salula ya gano inda ta mutu, ya yi ciniki ya ba da canji, ba wawa ba ne a shari'a. Ko makaho cinikinsa ya inganta a mazhabarmu idan an siffanta masa kaya, bebe kuma isharar da ake ganewa tana tsaya masa matsayin magana. Kai, ko da ƙanen naku mai taɓin hankali ne, waliccin dukiya na uba ne, sai wasiyyinsa, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Zama babban wa kaɗai ba ya ba mutum wannan matsayi. Gurgu ba ya noma? Sai ya ba da haya, ko ya sa 'yan ƙwadago, ko ya sayar. Attajirai nawa ne ke da gonaki ba su taɓa riƙe hauya ba?

Batun ciyarwa akwai gaskiya kaɗan a ciki, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ciyar da ɗan'uwa ba wajibi ba ne a kan ɗan'uwansa a mazhabar Malik. Idan yaya ya yi don zumunci, ladansa na wajen Allah, ba ya dawowa ya mai da shi bashi. Idan ya ce da niyyar a biya shi ya yi, sai a zauna a yi lissafi ta fuska biyu: tuwon da ya bayar, da damman geron da ya kwasa daga rubu'in yaron damina huɗu. Sau da yawa idan aka zo nan, mai da'awa shi ke fara cewa a bar maganar.

Sai zancen dokar Nasara. Nijar tana da dokar kare naƙasassu tun 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu a 2008, sannan aka yi wata dokar a watan Disamba na 2019. Daga cikin abin da aka tanada har da ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. An rubuta su da Faransanci, wannan gaskiya ne, amma harshe ba shi ke halatta abu ko haramta shi ba, abin da ke ciki ake dubawa. Dokar da ta ce kar a wulaƙanta makaho, ai Suratu Abasa ta riga ta: Allah Ya yi wa Annabi (SAW) gyara saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladaninsa, har yakan bar masa Madina idan zai fita yaƙi. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima, daga baitulmali. Kuma Annabi ya yabi Hilful Fudul, alkawarin da Ƙuraishawa suka ƙulla tun kafin Musulunci na tsaya wa wanda aka zalunta, ya ce da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. Don haka neman haƙƙi ta wannan hanya halal ne, bin shugabanni a cikin abin da bai saɓa wa Allah ba kuwa wajibi ne. Ballantana ma a ƙasar nan shari'ar gado bisa al'adar masu ita ake yin ta, alƙali yana zama da mataimaka masana al'ada, mu kuwa a gado al'adarmu ita ce fara'ilar Musulunci.

Abin da ke ba ni takaici, muna jefa wa gurgu dala biyar a ƙofar masallacin Juma'a muna jin mun yi ibada, alhali wani a cikinsu gonarsa na hannun ɗan'uwansa. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai.

Ƙanenki bai yanke zumunci ba. Amma kar ya fara da jastis. Ki sami innarku da baffanninku, a kira limamin unguwa ya raba a gaban shaidu, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Idan yaya ya ƙi, a je wajen mai unguwa, daga nan fadar Sultan, domin sarakuna suna da ikon sasantawa. Idan nan ma ya cije, ƙanenki ya shigar da ƙara ba laifi a kansa, ke kuma ki ba da shaidar abin da kika sani idan an neme ki. Wallahu a'alam.