Daga Jos zuwa Winnipeg da yaro ɗan wata ashirin

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce maigidan ya samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Manitoba da ke Winnipeg a Kanada, biza ta fito muku ku uku, za ku taso a watan Disamba, kuma tunanin yadda za ki yi da yaro ɗan wata ashirin a hanya ya hana ki sakat. To barka, Allah ya sa a je a sa'a.

Ki faɗa wa maigidan kada arha ta ruɗe shi wajen yankar tikiti. Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Kanada, dole ku yada zango. Ta Frankfurt, wajen awa 6 ne daga Abuja, sai fiye da awa 8 zuwa Toronto, sai kusan awa 2 da rabi zuwa Winnipeg. Tikiti mai rahusa yawanci shi ne mai zaunar da mutum wuni guda a filin jirgi, kuma babba ne ke iya jure wannan. Ku yanki tikiti ɗaya tun daga Abuja har Winnipeg, yadda in jirgin farko ya yi latti kamfanin ne zai nema muku wani.

Kada ku bar Jos ranar tashi. Ku gangaro Hawan Kibo, ku bi Akwanga da Keffi, ku sha cunkoson Mararaba, sannan ku ratsa Abuja zuwa filin jirgi da yaron da ya riga ya galabaita? Ku sauka kwana ɗaya kafin, ya yi wanka ya yi barcinsa.

Tunda bai cika shekara 2 ba, an yarda ya zauna a cinyarki, kuɗinsa kuma kamar kashi 10 cikin 100 na tikitin babba ne. In da hali, ku saya masa kujerarsa. Ɗan gadon da ake maƙalawa a bangon jirgi na jarirai ne, naki ya wuce nan.

Yanzu babbar maganar. Na san su Hajiya za su ce a yaye shi kafin tafiya don ki huta. Ki ba su haƙuri, ki bar shi da nononsa. Lokacin tashi da sauka kunnen yaro na toshewa, shi kuma bai san ya haɗiyi yawu ba, sai ihu. Da kin sa shi a nono, tsotson ke buɗe kunnen, sau da yawa ma a nan barci ke sace shi. Yaye da baƙon wuri da sanyi a lokaci guda sun yi wa yaro yawa. Maganin mura mai sa barci da wasu ke ɗura wa yara kuwa, kada ki fara ba da izinin likita ba, wani yaron ƙara birkicewa yake yi.

Zanin goyo ya fi miki keken tura yaro, don keken a ƙofar jirgi ake karɓe shi. In kin goya shi, hannuwanki biyu na nan don fasfo da jaka. A jakar hannu ki sa famfas fiye da lissafinki, da kayan canji nasa da naki, don amai ba ya sallama. Abincin yaro da madararsa an yarda su wuce mililita 100 da aka ƙayyade wa abu mai ruwa a jakar hannu, ki dai fito da su a nuna wajen bincike.

A Toronto ne za a buga wa maigidan takardar izinin karatu, kuma layin kan yi tsawo lokacin shigowar ɗalibai. Ku bar tazarar awa 4 kafin jirgin Winnipeg. Kilishi, dambun nama da man shanu, a cinye su a Jos. Kuka, kuɓewa da daddawa kuwa ku bayyana su, jami'i ya duba. Ɓoye abinci na iya jawo tarar da ta kai dalar Kanada 1,300.

Ku mutanen Jos kuna taƙama da sanyi, na sani. Na Winnipeg yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili a Janairu. Ki leƙa gwanjon Katako ki samo masa jibgegiyar rigar sanyi, hula mai rufe kunne da safar hannu, kuma su zauna a jakar hannu, kada akwati ya maƙale a hanya. Wanda zai tarbe ku ya zo da kujerar mota ta yara, doka ce.

Najeriya na gaban Winnipeg da awa 7 a lokacin sanyi, saboda haka cikin dare zai riƙa tashi yana neman koko da wasa. Ku raba kwanan da maigidan, ki riƙa buɗe masa labule da rana ya ga haske, a hankali zai daidaita. Ki turo min ranar saukarku da lambar jirgin.