Amsa ga ƙanena mai son karatun nukiliya a Faransa

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digiri a fannin kimiyyar lissafi da makamashi, kana son zuwa Faransa ƙaro karatu, sai dai ka ji an ce aikina na sharar nukiliya ne, kana tambaya ko shara na zo kwashewa a Turai.

E, shara ce, kuma ina alfahari da ita. Yawancinta ba abin tsoro ba ne a ido: safar hannu, tsumma, kwalaben gwaji, rigar leda. A dokar Faransa, duk abin da ya fito daga ɓangaren da aka keɓe a matsayin mai tururin nukiliya, sharar nukiliya ake ɗaukarsa ko da ma'auni bai nuna komai ba. Kowace jaka sai an rubuta daga wane ɗaki ta fito, wane sinadari ya taɓa ta, ranar da aka ɗaure ta, da wanda ya sa hannu. Mu auna, mu saka a ganga, mu manna mata lamba, mu shigar a kwamfuta. Andra, hukumar da ke kula da sharar nukiliya a Faransa, ba ta karɓar gangar da takardarta ba ta cika ba.

Sanin sinadarin shi ke raba komai. Ayodin-131 ƙarfinsa na raguwa da rabi duk kwana 8, don haka bayan kwana 80 ya koma kusan ɗaya cikin dubu. Kobalt-60 sai shekara 5 da 'yan watanni. Siziyom-137 kuwa shekara 30, gangarsa za ta ga jikokinka. Wanda zai buɗe rajistar nan gaba bai san ka ba, abin da ka rubuta kawai zai gaskata.

A Fabrairun 2014 wata ganga ta fashe a ma'ajiyar sharar nukiliya ta WIPP da ke ƙarƙashin ƙasa a New Mexico, Amurka. A cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos aka cika ta, aka haɗa gishirin naitiret da garin da ake zuba wa kyanwa ta yi bayan gida a kai, irin na alkama maimakon na yumɓu, haɗin ya yi zafi har gangar ta fashe. Kusan shekara uku wurin yana rufe. Wallahi duk sanda zan sa hannu a takarda sai na tuna da gangar nan.

Kafin ka nemi biza, je Zariya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1 da ke aiki tun 2004, kuma a 2018 aka canza mata makamashi, aka mayar da tsohon zuwa Sin. Nemi horo a can ko na wata uku ne, ka ga yadda suke rajista. Ka kuma dage da Faransanci, domin duk takardunmu da shi ake cikewa, kuma shiga cibiya irin tamu sai an binciki tarihinka, abin da kan ɗauki watanni ga baƙo.

Turo mini takardun sakamakonka in duba. Ka gaishe da Hajiya.