Filin Tambaya da Amsa: Horar da Karen Ɗauko Tsuntsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu ɗan kwikwiyo irin wanda ake kira Labrador, watansa huɗu. Ina harbin zabin daji da kirinjijiya a fadamun Galma, ina so ya riƙa ɗauko mini abin da ya faɗa ruwa ko cikin ciyawa. Amma duk abin da na jefa masa sai ya ɗauka ya shige ƙarƙashin mota yana tauna. Ta ina zan fara? *Mai karatu daga Dakace*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗauka dai ba kai za ka koya masa ba, a jininsa take. Kakanninsa masuntan gaɓar tekun Kanada suka yi wa aiki, daga baya Turawan Ingila suka mai da shi karen ɗauko tsuntsun da aka harba, har ƙungiyar masu karnuka ta can ta amince da shi a matsayin jinsi a 1903. Abin da bai gada ba shi ne biyayya: ya zo in ka kira, ya zauna har sai ka aike shi, ya saki abu a tafin hannunka. Nan aikinka yake.

Da farko ka dakatar da jifan nan. Tsakanin wata huɗu zuwa shida kwikwiyo yana famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi, komai ya samu taunawa zai yi. Ka ba watannin nan ga kalmomi uku: "zo", "zauna", da "gefe", wato ya yi tafiya kusa da ƙafarka ba tare da jan igiya ba. Kalma ɗaya ga aiki ɗaya, sau ɗaya za a faɗa. In kana cewa "zo mana, zo nan, kai zo", to kana koya masa cewa kiran farko ba dole ba ne. Haka yaran gida ma, a gaya musu kalmomin, kada kowa ya zo da tasa.

Darasi minti biyar zuwa goma, safe da yamma, kafin ya ci abinci. Ladansa gasasshiyar hanta da aka yanka kamar ƙwayar wake, kuma ta shiga bakinsa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da yin abin da ka ce, in ta wuce haka ba zai gane me aka biya shi ba. Kada a ba shi kilishi ko guntun tsire, albasar da ke ciki tana ɓata wa kare jini. Ka sayi usur irin na alƙalin ƙwallo, ka haɗa shi da kalmomin: busa ɗaya doguwa "zauna", gajeru uku "zo". A daji usur ya fi murya nisa, kuma ba ya nuna fushi.

In haƙoransa sun gama fitowa, sai a koma ɗauko. Ka yanki ƙafar tsohon wandon jins kamar kamu ɗaya, ka cusa tsumma har ya kai kusan rabin kilo, ka ɗinke baki biyun. Wannan ba abin wasansa ba ne, ana gama darasi a rataye shi. Ka nemi lungu ko zaure mai ƙofa ɗaya, ka tsaya a bakin ƙofar ka jefa ciki taku biyar. Ba shi da hanyar fita sai ta wurinka. In ya iso, ka tsuguna, kada ka yi saurin kai hannu bakinsa. Shafa ƙirjinsa tukuna, ka bar shi ya ɗan yi taƙama da abinsa, sannan ka sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ka ce "saki". Jifa biyu ko uku ya isa, a tashi yana marmari. In kun fita fili, ka ɗaura masa igiya mai tsawon mita goma don ka jawo shi a hankali in ya kauce.

Abu biyu ke ɓata kare a wannan gaɓa. Na ɗaya binsa da gudu, don shi a wurinsa wasan tsere ne. In ya gudu, juya baya ka nufi wani wajen, zai biyo ka. Na biyu duka bayan ya dawo. Ko ya ɓata maka rabin awa, in ya iso ka zabga masa tsumagiya, abin da ya fahimta shi ne zuwa wurinka ke jawo bulala.

Sai mafi wuya, natsuwa. Ka zaunar da shi, ka jefa, ka je da ƙafarka ka ɗauko yana kallo. Cikin jifa huɗu, uku naka ne, ɗaya nasa, shi ma sai ka ƙirga goma a zuci kafin ka ce "ɗauko". Karen da ke zabura da zarar abu ya tashi zai kore maka garken zabi, wata rana kuma ya faɗa gaban bakin bindiga.

Tambaya: Karena yana ɗaukowa, amma sai ya murƙushe fakara har ƙashin ya dagargaje, wani lokaci ya ci wani sashe. Akwai gyara? Kuma ya halatta a ci? *Wani mafarauci daga Giwa*

Amsa: Yawanci musabbabin ɗaya ne cikin uku: an saba wasan ja-in-ja da shi, ko ana jefa masa kai da hanjin tsuntsu a wurin fiɗa, ko kuwa tsuntsun farko da ya kama mai rai ne ya yakushe shi, ya koyi cewa matsewa ce ke sa shi yin shiru. Ka janye shi daga tsuntsu na wata guda. Ka sa masa ƙunshin tsumman nan a baki yana zaune, ka ce "riƙe", daƙiƙa biyar, ka ƙara har minti ɗaya. Da ya fara juya shi da haƙori ka taɓa haɓarsa ka ce "a'a". Daga nan ka ɗaure fukafukan zabo a jikin ƙunshin da robar tayar keke, sai mataccen tsuntsu mai sanyi da aka zura cikin tsohuwar safa, ɗumi-ɗumi shi ne na ƙarshe. Gaskiya dai, karen da ya shekara biyu yana yi da wuya ya daina sarai. Ana samun sauƙi ne kawai.

Batun ci kuwa, aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi in an ambaci sunan Allah, hadisin Adiyyu ɗan Hatimu kuma ya yi hani in karen ya ci daga ciki. Malaman mazhabobi sun yi saɓani a kan wannan na ƙarshe, don haka ka kai wa malaminka. In tsuntsu ya iso hannunka da rai, yanka shi za ka yi nan take.

Tambaya: Da karena ya ji ƙarar adaka sai ya sa wutsiya a tsakanin ƙafafu ya nufi gida. *Mai karatu daga Shika*

Amsa: An harba kusa da kansa ne tun bai shirya ba. Ka ajiye bindiga. Fara da buga murfin tukunya daga nesa lokacin da yake cin abinci, kana matsowa kullum. Bayan mako biyu ko uku, in ba ya ɗaga kai, abokinka ya tsaya da bindiga taku ɗari da hamsin, ya harba daidai lokacin da karen ke tsakiyar gudu zuwa ɗauko. A rage taku ashirin kowace fita. Da ka ga kunnuwa sun kwanta, a koma nisan jiya. Kwikwiyon da bai kai wata takwas ko tara ba kada a fara masa wannan, bindigar kuma ta zama mai lasisi.

Tambaya: Zafin Zariya ba zai yi wa karen Labrador yawa ba? *Daga Samaru*

Amsa: Zai yi. Gashinsa ruɓi biyu ne, na ruwan sanyi. A bazara, Maris da Afrilu, horo daga asuba zuwa ƙarfe takwas, sai kuma bayan la'asar sakaliya, da galan ɗin ruwa a hannu. In harshe ya zazzago ya yi faɗi, yana haki yana tangaɗi, a kai shi inuwa a jiƙa masa ciki da hammata, a nufi likita. Kowace dawowa daga daji a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska da ƙarangiya. Tunda kana Samaru, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai: allurar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo ana farawa daga mako shida zuwa takwas, ta haukan kare kuma a wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Kafin ya kammala su, kada ya shiga cikin karnukan taron farauta.