Kwamfuta ta ce yunit 30 a rana: in biya ko in dakata?

Tambayar farko a wannan makon ta fito ne daga wani mai sayar da ƙanƙara da lemo a Sabon Gari. Ya ce: "Malam, mai haɗa sola ya kawo mini takarda mai zane-zane daga kwamfuta. Fanel 12 masu wat 550, inbata mai kilowat 5, da batirin litiyom. Ya ce zan riƙa samun yunit 30 kullum. Maƙwabcina kuma ya ce fanel ɗin sun fi ƙarfin inbatar, in nemi mai kilowat 8. Firiza uku gare ni. Wa zan bi?"

Alhaji, mu fara da maganar maƙwabci, don ita ce mai sauƙi. Fanel 12 sau 550 ya ba da wat 6,600, gaskiya ne ya zarce 5,000. Sai dai wannan 550 ɗin a ɗakin gwaji aka auna shi, fanel yana kan zafin digiri 25. A kan kwanon shagonka da rana tsaka a watan Afrilu, fanel zai iya kai digiri 65, ka taɓa shi sai ka janye hannu. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana zaftare kusan kashi 0.35 cikin ɗari, ka ga digiri 40 sun cinye kashi 14 ke nan. An dawo wajen 5,700. Cire na ƙura da na waya, sai ka tarar ɗan abin da ya haura 5,000 bai taka kara ya karya ba, kuma na 'yan awowin tsakar rana ne. Da gangan masu sana'ar suke sa fanel ya ɗara inbata, don ta samu abin ci da safe da yamma. Abin dubawa kawai shi ne takardar inbatar: nawa ta yarda a jona mata daga fanel? In 6,600 bai wuce ba, ka bar wa maƙwabci kilowat 8 ɗinsa.

Yunit 30 ɗin nan ne nake so mu zauna a kansa.

Ka tambayi mai haɗa maka da wace manhaja ya yi lissafin. Akwai PVWatts da SAM, dukansu kyauta ne daga cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka da ke jihar Kolorado. Akwai PVGIS ta Tarayyar Turai, ita ma kyauta, kuma tana da bayanan ranar Afirka. Sai PVsyst ta ƙasar Suwizalan, wadda ake biyan kuɗi. Babu boka a cikinsu. Abin da aka zuba musu shi suke tankaɗewa.

Ɗauki PVWatts. In ba a taɓa komai ba, tana ɗauka cewa inbata tana fitar da kashi 96 na abin da ya shige ta, ƙura kuma kashi 2 kacal take ci. Kashi 2 a Kano! Duk wanda ya hau rufi a watan Janairu ya ja yatsa a kan fanel ya ga layin da ya bari, ya san wannan lambar ba don hunturunmu aka sa ta ba. SAM ta fi zurfi: tana amfani da lissafin da Sandia, wata cibiyar bincike ta Amurka, ta fitar a 2007, wanda ke la'akari da cewa ƙwazon inbata yana canjawa gwargwadon nauyin da ta ɗauka da kuma boltin da fanel ke turo mata. Amma jerin inbatocin da ke cikinta daga hukumar makamashi ta jihar Kalifoniya aka ɗauko, kuma da yawa daga waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa ciki. Sai mutum ya zaɓi wata mai kama da ita ya danna. Lissafin ya fito tsaf, amma na wata inbatar ce daban.

Babban abin kuma shi ne wannan. PVWatts an gina ta ne don gidan da ke tura rarar wutarsa kan babban layi, wato duk yunit ɗin da fanel ya haifa yana da wurin zuwa. Kai kuwa ba haka kake ba. Da zarar batiri ya cika, firizoji sun yi sanyi sun huta, inbata za ta daina jan wuta daga fanel ko da rana na ƙwallewa. Tulu in ya cika, ruwan da ya rage a rijiya yake zama. Saboda haka 30 ɗin na iya zama gaskiya a matsayin abin da rufinka zai iya bayarwa, ba abin da zai shiga firiza ba. Ka ce ya sake maka lissafi da girman batirinka da cin wutar firizojin, dare da rana. PVGIS tana da sashen da ke yin haka.

Sai inda za a kafe ta. Na sha shiga shago in tarar da inbata a lungu bayan firiza, ƙarƙashin kwano, iskar kwamfresa na hura mata zafi, fankarta na ta gurnani. Inbatoci da yawa suna rage ƙarfinsu da kansu in wurin ya haura digiri 40 zuwa 45, don kada su ƙone, kuma manhaja mai sauƙi ba ta san lungunka ba. A ba ta bango mai inuwa da iska.

Kafin ka biya, ka sa a nuna maka kilowat 5 ce ko kVA 5 (wani ma'aunin ƙarfi ne daban da ake rubutawa a jikin inbata), domin wasu masu kVA 5 kilowat 4 ne ainihin ƙarfinsu. Kuma kada a kunna firiza uku lokaci guda, kwamfresa na jan ninki uku ko fiye wajen tashi. In ya gyara lissafin ya kuma amsa waɗannan ba kame-kame, ka biya.

Wani ɗalibi daga Rijiyar Zaki ya rubuto: "Fanel 9 na jera a layi ɗaya, kowanne bolt 49.9 a bayansa. Inbatata iyakarta 500. In ƙara na goma? Ai 499 ne."

Ɗan'uwa, kada ka ƙara. Wannan 49.9 ɗin ma a digiri 25 aka auna shi, kuma boltin fanel hawa yake in an yi sanyi, kusan kashi 0.27 cikin ɗari a kowane digiri. Da sanyin safiyar hunturu, a ce digiri 12, layinka zai kai wajen 516. Inbata ba ta yafe wannan, kuma garanti ba ya biyan irin wannan ƙonewar. PVsyst da kanta za ta ja maka kunne in ka sa mata mafi sanyin safiyar garin. Idan inbatar ta yarda da layi biyu, ka raba goman biyar-biyar, amma ka duba 250 ɗin ya kai boltin da take buƙata kafin ta fara aiki.

Ta ƙarshe daga wata mai ɗinki a Hotoro: "An nuna mini inbata biyu, ɗaya an rubuta 93%, ɗaya 97% mai tsada. Da dare fanka biyu da fitila kawai nake kunnawa."

Hajiya, waɗannan lambobin ƙololuwar abin da inbata ke fitarwa ne daga wutar da ta shige ta, inbata tana kai musu ne in ta ɗauki kaya daidai gwargwado. Da fanka biyu, duk su biyun za su faɗo ƙasa da haka sosai. Ki tambayi nawa kowacce take ci tana kunne ba komai a kanta. In wat 60 ne, cikin awa 24 ta lashe kusan yunit ɗaya da rabi, da dare kuma daga batirinki za ta ɗiba. Wadda cinta ya fi ƙanƙanta ita za ki ɗauka, muddin za ta iya tayar da keken ɗinkin.